Zare Wutar, Ƙanena

Da magariba wani mai gyaran kwamfuta ya rage shi kaɗai a shago, yana sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura, a wata kwamfuta da ta ƙi karɓar sabuwar ma'adanar RAM. Ko ɗan koyo ya san ba a taɓa wuta ana wannan aiki.

Sai ya ji hannu a kafaɗarsa, sanyi ƙalau.

"Zare wutar, ƙanena." Muryar yayansa ce, wanda ya koya masa sana'ar.

"Yaya, bod ɗin kwamfutar zai mutu fa!"

"Na taɓa cutar ka?"

Ya zare. Fanka ta tsaya, kwamfuta ta mutu murus.

"Haba Yaya! Ni za ka yi wa haka?"

A baƙin gilashin kwamfutar ya ga fuskarsa, ya ga ƙofa da sakatarta a danne. Bayansa babu kowa. Hannun kuwa bai ɗaga ba.