Budurwa a Cikin Karas

Ranar da suka fara haɗa ido, ta cikin raga Auta take leƙe, don a lokacin ita karas ce.

Aikinta ke nan. Wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a su riƙa cin kayan lambu da 'ya'yan itace ta ɗauke ta, aka ɗinka mata rigar soso mai siffar karas, da ganye a ka, da raga a fuska, da zif a baya. Tana tsayawa bakin titi tana raba takardu. Wata uku tana yi wa duniya wa'azin lemu da ayaba, ofis na ciyar da ita biskit da lemon kwalba.

Ran nan zif ya ƙi. Rana ta take, manyan ofis kuma sun tafi otal taron muhimmancin shan ruwa. Ta jingina da rumfar wani mai kayan lambu, numfashinta na dawo mata a fuska.

Ya leƙo ta ragar ya ce, "Karas, lafiya?"

"Dahuwa nake. Saura gishiri."

Ya yanko kankana ya zura mata ta ramin baki. Ta cinye a tsaye. Sannan ya goga sabulu a zif ɗin, ya ja a hankali. Ta fito da kayanta sharkaf da gumi, ta kalle shi, shi ma ya kalle ta, har wata mata ta gaji da tambayar tumatir ta wuce.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Karas ɗina, kin isa gida? Gobe in kin zo akwai gwanda. Sabulun ma na ajiye."

Ta rubuta: "Mai Lambu, kai kaɗai ne a harkar nan ka taɓa ba ni abin da nake talla."

To, Baban Auta mahauci ne. Shekara arba'in yana yanka, hawan jini ya zaunar da shi a gida. Likita ya ce ya rage nama ya ci ganye, Baba ya ce shi ba akuya ba ne. Yana yini a ƙofar ɗaki yana wasa wuƙaƙen da ba ya yanka komai da su. Da Mama ta kai masa maganar Mai Lambu, bai ɗago ba.

"'Yar mahauci ta auri mai sayar da abincin dabbobin da nake yankawa? Ba da bakina ba."

"Malam, yaron na da hankali."

"Akwai Kodineta. Mutum mai mota."

Kodineta shi ne ogan Auta a ofis. Ba ya cewa "ci", sai dai "konzumshan". Yana da ƙaton hoton kansa riƙe da abarba, a ƙarƙashin kujerar motarsa kuma ledojin soyayyen kaji. Ya ce yana sonta, ya kuma tuna mata masu neman shiga karas ɗin nan suna da yawa. In ta ƙi shi, aiki ya tafi, gida kuwa da aikin yake tsaye. Auren Mai Lambu kuma ba da yardar Baba ba, wannan ba za ta iya ba. Da safe ta shiga soso, da yamma ta fito ta shiga gida, duk zafin ɗaya ne.

Ran hutunta ta biyo ta titin, sai ga wata a cikin rigarta, Mai Lambu na zura mata kankana ta ramin baki. Auta ta juya. Kwana uku ba ta amsa waya ba.

Ya rubuto: "Zumata, me na yi?"

"Ashe kowace karas ma karas ce."

"Na san ba ke ba ce. Ita ba ta zagin Kodineta a ciki. Jiri ta yi, na ba ta. Naki yankan daban ne, tsakiya, babu ƙwallo."

Ta karanta sau huɗu tana ɓoye murmushi, ta rubuta: "Baba dai bai sauko ba."

"Zan jira. Ki karɓi saƙo gobe, na Baba ne. Kar ki ce daga ina."

Tun daga nan kullum roba ke zuwa, kokwamba da karas da kabeji a yanke. Baba ya ture, Mama ta cinye.

Ranar da Kodineta ya zo gaishe da Baba, da mai hoto ya zo, da kwandon 'ya'yan itace masu sheƙi. Ya durƙusa ta ɓangaren da haske ya fi kyau.

"Baba, wannan intabenshan ne, wato tallafi na musamman."

Baba ya ɗauki tuffa, ya danna babban yatsa yadda yake danna cinyar saniya. Ya jawo wuƙa ya ɗora. Tuffa ta yi ƙiiƙ, ta lotsa, ta dawo.

Kwandon ɗaukar hoto na ofis ne, duk roba. Kodineta ya sungumo shi a gaggauce, kuma shekara biyar yana riƙe su bai taɓa kai ɗaya baki ba.

"Ɗauki hoton," Baba ya ce wa mai hoton.

Bayan sun fita, Mama ta turo robar kayan lambun ranar gabansa. Baba ya kai hannu zai ture, sai ya tsaya. Ya ɗaga yankan kokwamba ɗaya a rana, haske na ratsa shi. Ya ɗaga na biyu, ya haɗa su. Kauri ɗaya.

"Wa ya yanka wannan?"

Auta ta ce, "Mai abincin akuya, Baba."

"Hannu ko inji?"

"Hannu."

Ya daɗe yana juya shi. "Ki ce ya zo. Ya taho da wuƙarsa."

Mai Lambu ya zo ya durƙusa. Baba ya karɓi wuƙar, ya shafa kaifin a farce, ya duba ƙotar da hannu ya cinye.

"Wa ke wasa maka?"

"Ni, Baba. Kowace safiya."

"Yanka mu gani."

Ya yanka. Baba ya ɗauki ɗaya ya tauna, fuska a murtuke. "Ba ci nake ba. Duba aiki nake." Ya duba aikin har ƙasan roba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Auta ta mayar wa ofis rigarsu a ninke, da guntun sabulu a kai, don mai zuwa. Yanzu tana rumfa, tana faɗa wa mutane abin da takardun ke faɗa, sai dai da yanka a hannu.

Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai ƙoshin lafiya." Sannan ya kalli ango. "Gobe ka ƙara kabeji. Ban gama duba shi ba."