Zubin da Bai Bushe Ba

Su biyu ne kawai a gidan, Baba da Auta. Yayyenta duk sun yi aure, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana aji uku a sakandare. Baba mai gyaran sikeli ne. Shekara talatin yana buɗe cikin sikelin 'yan kasuwa, ya ga wanda aka manna wa ƙarfe a ƙasa, ya ga wanda aka sassauta wa waya, har ya zama ba ya saurin yarda da mutum. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da Baba ya rasa shi ne wanda zai miƙa wa autarsa hankalinsa kwance.

Auta tana aiki a wata masana'anta da ke yin abincin kyanwa da karnuka. Aikinta awo. Duk zubin da ya fito daga injin busarwa sai ta ɗebi kaɗan, ta niƙa, ta sa a na'ura ta ga danshinsa. In ya wuce kashi goma cikin ɗari ba ta sa hannu, domin abinci mai danshi yakan yi fumfuna a cikin buhu, ya cutar da dabba ba tare da mai ita ya sani ba.

A makonta na farko aka aike ta rumfar baya ta ɗebo samfur. Ta tarar da wani dogon saurayi ya sunkuya kan tire, hannunsa cikin ruɓaɓɓen ganye, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ku ci a hankali, ba mai ƙwace muku."

Ta leƙa, ta ja da baya. Tsutsotsi ne, dubbai.

"Da su kake hira?"

"Su ne ma'aikatan da ba sa zuwa a makare," in ji shi, yana murmushi. "Sannu da zuwa, Malama Awo."

Ya yi mata bayani a natse. Kowace safiya mota na kwaso ɓawo da ruɓaɓɓen kayan lambu daga kasuwa. Tsutsar wani baƙin ƙuda ke cinye su, cikin mako biyu ta yi ɓul-ɓul. Sai a busar da ita a injin da ke aiki da hasken rana, a niƙa da masara, a fitar da ƙwayoyin abincin. Abin da ya rage a tire kuma taki ne, masu lambu ke ɗauka. Shi ya haɗa injin da hannunsa, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Ita kuwa tun daga ranar ta raɗa masa Mai Tsutsa.

Wata uku ba su cika ba saƙonni suka fara yawo tsakaninsu.

"Sanyina, yau rana ta fito da kyau, injin na ta aiki. Ni ne dai na kasa aiki tun da kika wuce ta gaban rumfa."

"Mai Tsutsa, ka wanke hannu kafin ka taɓa waya. Na ji warin saƙon nan tun daga nan."

"Na wanke sau biyu. Yaushe zan zo in gaida Baba?"

Ranar Lahadi ya zo da hantsi, cikin farar riga. Auta ta kawo ruwa ta koma ciki. Baba ya tambaye shi iyayensa, ya ce sun rasu, gwaggonsa ce ta rene shi. Ya tambaye shi sana'a, ya faɗa bai rage komai ba.

Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Ita awo take yi, cikin farar riga. Kai kuwa tsutsa kake kiwo don kare ya ci. Duk ayyukan duniya?"

Iyakar abin da Auta ta jiyo ke nan, don a lokacin ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta fito ya tafi.

A makon ne kuma jami'in tallan masana'antar, wanda shi ma ke neman Auta, ya fara zuwa gaida Baba, da motarsa da ƙamshin turarensa da magana mai daɗi. Baba yakan saurare shi, ya ce, "Madalla," ba ƙari.

Tun daga Lahadin babu saƙo daga Injiniya. Sai kuma hadari ya rufe sama kwana biyu, rana ta yi rauni. Ranar Talata zubi ya fito, buhu arba'in. Auta ta auna, sha uku. Ta sake aunawa, sha uku. Ta ɗauki jan biro ta soke takardar.

Da ta koma kujerarta ta rubuta masa:

"Wallahi ba don abin da Baba ya ce ba ne. Sau biyu na auna. Ka yi mini magana ko da faɗa ne."

Saƙon ya shiga, aka karanta, ba amsa. Da suka haɗu a ƙofa ya ce, "Ina kwana, Malama," ya wuce kansa a ƙasa. Ta shiga ɗakin awo ta yi kuka har idonta ya kumbura. A ganinta ta rasa shi ta gida, ta kuma rasa shi ta wurin aiki.

Ranar Alhamis babban sikelin sito ya ƙi motsi, manaja ya aika aka ɗauko Baba, don duk yankin ba wanda ya kai shi. Baba ya tsuguna bayan tarin buhuna ya baje kayan aikinsa. Auta ta kawo masa ruwa, ta durƙusa gefensa tana riƙe masa tocila. Suna nan sai suka ji an shigo. Masu shigowar ba su gan su ba.

"Motar mai saye tana waje tun safe," in ji jami'in talla. "Uku kacal ya ɗara. Ka je ka lallaɓi Auta, ai kai take ji."

"Ba zan je ba," in ji Injiniya.

"Haba, malam! Kare ne fa zai ci. Ƙara zai kai mu?"

"Shi ya sa. Da mutum ne, ya buɗe ya shinshina ya dawo mana da kayanmu. Kare ba ya tambaya. Duk abin da ka zuba masa zai ci yana kaɗa maka wutsiya, ya kwanta ciwo bai san kai ne ba. Sa hannun nan kuma nata ne, amana aka ba ta. Ba zan sa ta zaɓa tsakanina da aikinta ba."

Jami'in ya yi dariya. "Uban ya kore ka, 'yar ta ja maka jan biro, har yanzu kana tare mata?"

"Bai kore ni ba. Cewa ya yi kada in ƙara kiran ta ko in rubuta mata sai ya neme ni, na ce to. 'Yarsa ce. Matsa mini, yau akwai rana, zan mayar da su inji."

Auta ta dubi Baba. Baba bai dube ta ba. Ya ƙarasa ɗaure noti, ya goge hannunsa, ya zaro ƙaramar wuƙarsa daga jaka, ya miƙe.

Jami'in na ganinsa ya soma gaisuwa yana in'ina, ya fice. Injiniya ya durƙusa. Baba ya wuce shi ya nufi tarin buhunan. Ya jawo buhu ɗaya ya zare ɗinkin bakinsa, ya jawo na biyu. Injiniya ya tashi ya fara ɗauka yana kaiwa inji. Haka suka yi ta yi, tsoho na farkewa, saurayi na ɗauka, Auta na tsaye da tocila a hannu ta manta ba ta kashe ba.

A buhu na ƙarshe Baba ya ninke wuƙarsa.

"Ka ce wa gwaggonka ta turo manya ranar Asabar." Ya ɗauki jakarsa, ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. "Wayar ma ka iya kira. Ya isa haka, gidan ya yi mini shiru."

Kafin la'asar saƙo ya shigo:

"Sanyina, na karanta saƙonki ya fi sau ɗari. Ki yafe mini. Alkawari na ɗauka, ban kuma so ki ji haushin Baba ba. Zubin ya fito, zo ki auna."

Ta je ta auna. Tara da rabi. Ta sa hannu da shuɗin biro.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, ta durƙusa gaban Baba tana kuka, angon na gefe. Baba ya ɗora hannu a kanta.

"Auta ba ta iya kai ƙara ba," ya ce wa angon. "Tun tana ƙarama, in abu ya dame ta sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na tsufa, ba kullum zan riƙa leƙowa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai."

"Amin, Baba," in ji angon, kansa a ƙasa.

A nan Auta ta gane cewa ba tsutsa Baba ke gudu ba tun farko. Tsoronsa kada ya bar ta hannun wanda ba ya kyautatawa sai ana kallonsa.