Musayar Oba-oba

Ranar da aka raba wa 'yan kwana-kwana sababbin oba-oba, wato rediyon hannu na kiran juna, Abdulshakur, ɗaya daga cikinsu, ya fara ganin Shamsiyya. Sabuwar ma'aikaciya ce a ɗakin karɓar kira, tana zaune gaban wani allo mai nuna sunan kowa da inda yake a cikin garin Sakkwato. Da layi ya zo kansa ta miƙo masa tasa, ya tsaya kallonta kamar an dasa shi.

"Malam, wagga taka ta kai ɗai," ta ce. "In ka danna, sunanka ka hitowa bisa allo. Ba aro, ba musaya. Oga ya ce wanda duk yay yi, a dakatar da su su biyu."

Ya ce to, alhali ko rabi bai ji ba. Allah ya sani ba oba-oba ce a ransa ba.

Su fa mutanen nan tsohuwar oba-oba suka saba da ita, mai shuu-shuu, wadda ba ta da mai ita. Wanda batirinsa ya mutu sai ya ɗauki ta ɗan'uwansa, kamar buta a masallaci. Sabuwar kuwa ga doka ga sauya murya, kowa ya yi magana sai ka ji kamar daga cikin randa. Mako biyu aka yi ba a san wa ke kiran wa ba. A cikin wannan ruɗanin soyayyarsu ta tsiro.

"Shamsina, yau sau uku na danna oba-oba, don kawai sunana ya fito a gabanki."

"Na gani. Oga ma ya gani. Ka bari kafin a kore mu, Jarumina."

Da magana ta kai Ƙofar Atiku wajen mahaifinta, Alhaji Sodangi mai fataucin shanu, bai ko ajiye carbinsa ba.

"Ɗan kwana-kwana? Waɗanda ka zuwa bayan wuta ta ci ta ƙoshi? Ɗiyata ba ta zuwa can."

Shamsiyya ta sha kuka, ta koma aiki da kumburarrun idanu.

Wata Talata da hantsi wuta ta kama rumfar harawa a garken Alhaji da ke Dundaye, ga bijimai sha ɗaya a ɗaure. Jiniya na tashi Abdulshakur ya tarar batirinsa ya mutu. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya suri ta abokinsa Badaru, wanda ke gadin ƙofa ranar, ya faɗa mota.

Shamsiyya ta zuba wa allo ido. Sunan Badaru ya kutsa tsakiyar garken, muryar cikin randa ta ce, "Na shiga, za ni kwance igiyoyi." Sunan Abdulshakur kuwa yana ofis, ko motsi bai yi ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Da aka kashe wutar ta tura masa saƙo.

"Dukiyar Babana na ci da wuta kana zaune ofis. Ashe gaskiyarsa."

A asibiti ya karanta, ana naɗe masa hannu. Ya sake karantawa, bai gane ba.

"Wane ofis, Shamsina? Ni na shiga."

"Har da ƙarya kuma? Allo na gabana."

Ta kashe waya. Sai a lokacin ya dubi oba-obar da ke ƙugunsa, ya ga sunan da ke jiki, ya dafe kai.

Washegari Alhaji ya zo ofis da kansa. Bijimansa sun fita duka, amma hayaƙi da hular kwano sun hana makiyayansa ganin fuskar wanda ya shiga. Oga ya duba na'ura ya ce Badaru ne. Abokan aikin da suka je wurin suka yi gum, don duk wanda ya buɗe baki ya jawo wa mutum biyu dakatarwa.

Kafin la'asar cinyar saniya daga Alhaji ta isa gidan su Badaru, tare da saƙo cewa irin wannan yaro Alhaji ke yi wa ɗiyarsa sha'awa, in tana so. Badaru dama ya taɓa gwada sa'arsa wajen Shamsiyya ta sallame shi. Yanzu ga nama, ga tayi, ga mutane na ce masa sannu da ƙoƙari, shi kuwa ƙofa kawai ya buɗe wa mota. Kwana biyu yana ci yana wasi-wasi.

Abdulshakur ya rasa inda zai sa kansa. In ya yi shiru Shamsiyya ta tafi, in ya faɗa ya kai abokinsa ƙasa. Ran Juma'a da safe ya iske Badaru ya ce masa wajen Oga za shi.

Badaru ya goge baki ya miƙe. "Mu tai tare. Naman ma ya ƙi zama cikina."

Oga ya saurare su, ya ba kowa mako biyu a gida, sannan ya sa su a mota sai Ƙofar Atiku.

Alhaji ya dubi wannan ya dubi wancan. "Ku tsaya. Wa yas shiga wuta?"

"Abdulshakur," in ji Oga.

"To wa yac ci nama?"

"Ni, Baba," in ji Badaru, kansa a ƙasa.

"Na'urar taku ƙarya taka yi ke nan?"

"Ba ta yi ƙarya ba, Alhaji," in ji Oga. "Su sunka ruɗa ta."

Alhaji bai gamsu ba. Ya ce Abdulshakur ya kwance bandejin. Ya riƙe tafin hannun ya daɗe yana dubawa. Wanda ya tsufa cikin shanu ya san shatin igiyar bijimin da ya firgita, ga shi nan kwance a kan ƙuna.

"Wanga hannu na gane shi," ya ce a hankali. "Ka turo magabatanka."

Shamsiyya na bayan labule tana ji. Kunya da murna suka haɗe mata, ta rasa wadda za ta fara yi wa kuka. Da yamma ta rubuto masa.

"Ka yafe mini, Jarumina. Na yarda da allo na ƙi yarda da kai."

"Laifina ne, Shamsina. Hannu dai ya kusa warkewa tunda kika kunna waya."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Badaru ne babban abokin ango, kuma shi ya fi kowa kai da kawowa. Da aka shafa fatiha Alhaji Sodangi ya jawo angon kusa da shi.

"Ka shiga wuta don dabbobin wanda yaƙ ƙi ka. Ga ɗiyata nan, ban da shakka bisa gare ka. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa da amin, Abdulshakur ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun da ya warke.