Kiɗan da Ya Sauka Ƙarƙashin Gidan Kalilu

Rana ta yi ja a kan manyan motocin da ke jere a bakin iyaka suna jiran hanyar Maraɗi, Hajo kuma tana tsakar gida tana kwashe tuwo, lokacin da dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ko kai ba ta ɗaga ba, don yaran Jibiya ba su gajiya da jifar ƙadangare. Na biyu ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta ajiye mara, ta duba kan katanga, babu kowa. Na uku da ya gangaro gabanta ta taɓa shi, ta ji shi da zafi kamar daga murhu aka zaro shi.

Mijinta Kalilu, mai gyaran rediyo da lasifikar masallatai, yana zaure a gaban abin da ya jawo musu wannan. Wani direba ne ya kawo masa shi cikin kayan gwanjon Kwatano: akwati mai ƙananan na'urori a jere, kowace fuskarta cike da ramuka da abin murɗawa, ga ƙunshin wayoyi kala-kala, ga faifai ɗaya na wani kiɗan Turawa wai shi dram-an-bes. Ganga ce mai gudu kamar an biyo ɓarawo, a ƙarƙashinta kuma wani gurnani mai nauyi da ƙirji ke ji kafin kunne. Mutum da furfurarsa, uban budurwa, ya ji wannan ya rasa sukuni. Allah Ya raba mu da son abu a tsakiyar shekaru.

Akwatin ba ya kiɗa da kansa. Sai ka ɗauki waya ka haɗa na'urar da ke haifar da sauti da wadda ke tace shi, ka kai shi ga mai buɗewa da rufewa, sannan ka jawo wata daga mai ƙidayar bugu ta ba su lokaci. Ka kuskure rami ɗaya, ka ji shiru. Kalilu sabon shiga ne, lalube kawai yake yi, ga kuma ƙugin da wutar janareto ke sa wa lasifika. Maganin ƙugi kowane mai gyara ya san shi: a kafa sandar ƙarfe a ƙasa, a zuba mata gawayi da gishiri, a ɗaura waya. Kalilu ya kafa tasa a kangon bayan gida, gab da magariba, yana gaggawa, ko bisimilla bai yi ba. Ƙugi ya ɗauke. A wannan yammacin, da sa'a irin ta makaho, ya dace da kiɗan da ya fi na faifan daɗi.

Ya riƙa kunna shi ƙasa-ƙasa, don shekarun ƙaddamar da Shari'a ne, makaɗa da yawa sun rataye gangunansu. Amma gurnani ba ya ɓoyuwa, ta ƙasa yake bi. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, aka ambaci 'yan Hisba. Hajo, mace mai gudun abin kunya, ta bari Kalilu ya fita, ta zare wayoyin nan kaf, ta naɗe su tsaf a cikin ƙwarya. Da yammacin ranar aka fara jifa.

Jifa dai da sauƙi. Bayan 'yan kwanaki 'yarsu Mufida ta dawo daga Islamiyya, ta kwanta a tabarma da hijabinta, ba ta ƙara cewa uffan ba. Idanunta a buɗe, dugaduganta suna bugun ƙasa da wani irin sauri mai tsari. Da farko da almuru kawai take yi, daga baya ta daina tsayawa. Ba ci, ba barci. Aka kai ta asibiti aka yi allura, aka dawo da ita yadda aka kai ta. Dugadugan suka tsage, Hajo ta naɗe su da tsumma, jini ya ɓullo ta tsumman. Gidan ya gaji, gajiyar da ko kuka ba a iya yi. Kalilu ya san in aka ƙara kwana biyu a haka, 'yarsa zai ɗauka zuwa makwanci.

Aka ɗauko Malam Rabe daga Gangara a kan babur, bayan la'asar. Tsoho ne marar yawan magana. Ya zauna a gefen tabarma, ya yi karatu a hankali har inuwa ta cinye tsakar gida, sannan ya ce, "Wane ne kai, mi kake nema wurin ɗiyar mutane?"

Bakin Mufida ya buɗe, amma muryar tsohuwa ce ta fito, a dishe, a gajiye.

"Ni ba baƙuwa ba ce, Malam. Ina ƙarƙashin kangon nan tun ba a sa shinge tsakanin nan da Maraɗi ba. Da can ana kaɗa mana garaya. Aka hana, muka yi shiru, ba mu taɓa kowa ba. Sai wanga mutum ya soko ƙarfe ta rufin ɗakina, ya zubo mini gishiri, ba sallama. Na yi niyyar shanye mishi hannu. Sai kiɗa ya biyo ƙarfen ya sauko." Muryar ta ja numfashi. "Na manta rabona da jin daɗi irin wannan. Sannan kuka yanke shi."

"Ba a bauta muku a gidan nan," in ji Malam.

"Ban nemi jini ba, ban nemi turare ba. Kiɗana nake so, kowace magariba."

"Ba ki samu."

Ya ɗaga murya da karatu. Jikin yarinyar ya lanƙwashe, numfashinta ya fara yankewa. Malam ya tsaya, ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ga Kalilu. "Ina iya ƙona aljanar nan, amma ɗiyarka ba ta da sauran ƙarfin da za ta kai ƙarshen karatun." Ya koma ga tsohuwar. "A kaɗa miki sau ɗaya, na sallama. Daga nan a tuge ƙarfe, ki fita, ki yi alkawari ba ki dawowa."

Dugadugan na ci gaba da bugun ƙasa, muryar ta amsa.

"Na yarda. Amma kiɗan nan da kuka yanke, shi nake so, ba wani ba."

Kalilu ya matso kusa da Malam. "Allah gafarta Malam, akwatin nan ba ya ajiya. In an zare wayoyi, kiɗan ya tahi ke nan. Ni kaina ban san yadda na haɗa shi ba."

Hajo ta rufe fuska da mayafi. Malam Rabe ya ɗauki buta ya nufi bakin ƙofa, ya juya musu baya. "To ka nemo shi kafin a kira salla. Ni ban ji komi ba."

Kalilu ya jawo akwatin tsakar gida, ya ta da janareto, ya ɗauko ƙwaryar wayoyi. Ya soka, ya murɗa, wani kiɗa ya fito.

"Ba shi ba ne," in ji muryar.

Ya zare, ya sake. Wannan karon ƙara ce mai tsini.

"Ba shi ba ne."

Gabas ta fara duhu. Sai ya daina kallon akwatin, ya runtse ido, ya kasa kunne ga abin da ya yi kwanaki yana toshe wa kunne, wato dugadugan 'yarsa. Bugu, tsalle, bugu biyu a manne. Ashe kiɗan yana nan a ƙafarta tun ranar da ta kwanta. Hawaye na zubo masa ya murɗa mai ƙidayar bugu har gangarsa ta hau kan ƙafar daidai. Ya jawo gurnanin, ya tace shi, ya yi ƙasa da shi, ya ƙara yin ƙasa, har kwanon ɗaki ya soma karkarwa, ruwan randa ya kama rawa.

Dugadugan suka rage gudu. Suka tsaya.

Muryar ta sake fitowa, can ƙasa-ƙasa. "Ba shi ba ne. Ɗan'uwansa ne. Amma na gaji, Malam, kowa ya gaji. Ku tuge ƙarfenku."

Malam Rabe ya zaga kangon bayan gida, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya girgiza sandar ya fizge ta. Mufida ta yi atishawa, jikinta ya saki a kan tabarma. Babu wanda ya motsa. Kalilu yana durƙushe, ya kasa cire hannu daga akwatin, yana tsoron in ya kashe, ƙafafun su sake tashi.

Yarinyar ta juyo da kai, ta dube shi da idanunta na da.

"Baba," ta ce da muryarta, "don Allah kashe abin nan. Barci nake ji."

Ya kashe.