Yaƙin da Aka Ci da Baka

A zamanin sarkin da ya hau gado bayan ya kori baffansa, ana tsakiyar girbi, manzo ya fito daga fada ya zaga garuruwan bakin iyaka da saƙo guda. Duk ƙasar da sarakunan baya suka bayar saboda hidimar yaƙi, ta zauna a hannun zuriyar mai ita. Wadda kuwa aka zauna don kawai an tarar da ita daji, ta koma hannun sarki. Ba wanda bai gane dalili ba. Dawakin Madawaki ne suka ɗora sabon sarki, kuma Madawaki bai yi aikin don neman lada ba. Idonsa na kan wata tunga da ke bakin mashigin kogi, inda ayari ke ƙetarawa.

Wanda ya sari tungar ya daɗe da rasuwa. Jikansa Dogo ne mai gari, amma duk abin da ke bukatar tunani, yayarsa ake kai wa, wadda ake kira Ta-Kaka domin a ɗakin tsohon ta tashi. Da manzo ya tafi, ta tarar da Dogo a zaure ya sauko da wani tsohon baka daga bango yana goge shi da mai.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Wa bai san Kaka da baka ya ci yaƙin mashigi ba? Ga bakan nan. Shi kaɗai ya zubar da mutum ɗari."

"Bara hamsin ka ce."

"An ƙara tuna mini."

"A ƙarƙashin wa ya yi yaƙin? Daga ina ya fito? Wane ne ubansa? Su za a tambaye ka, ba za a ce ka nuna itace ba."

Dogo ya ci gaba da shafa mai. Ta-Kaka ta yafa mayafinta ta fita neman tsofaffi.

Ta fara da baffansu, babban ɗan marigayin da ya rage. Baffa ya gyara zama ya ce daga gabas suka fito, jinin sarauta ne, wani ɗan'uwa ne ya ƙwace musu gado. Ta tambayi sunan garin, ya ce ai babban gari ne, kowa ya san shi. Ta wuce wurin goggonsu, wadda ta ce yayanta ya rikice, daga yamma suka zo, kuma malamai ne kaka da kakanni. Wata tsohuwar maƙwabciya ta rantse cewa ta ga tabon mashi a ƙirjin marigayin. Ta-Kaka, wadda ta yi masa jinya har ya cika, ta san ƙirjinsa sumul yake. Abin da ta tuna shi ne hannunsa na hagu, mai yatsu biyu a naɗe, waɗanda ko ƙwarya ba su riƙewa da kyau. Da ta ambaci hannun, Baffa ya ce sanyin tsufa ne, Goggo ta ce ciwon yaƙi ne, suka kaure da musu har suka manta da ita tana zaune.

Haka ta yi ta yawo har aka gama kai amfanin gona rumbu. Kowane gida ta shiga sai ta fito da sabon kaka, kuma kowanne ya fi na baya tsawo. A ƙarshe wani mai fito da kwale-kwale ya ce mata, tun da na wannan gefen duk sun ga yaƙin ne daga bakin iyayensu, ta gwada na ƙetare. Akwai wani tsoho mai sayar da gishiri da ya zo cikin rundunar da ta kawo hari mashigin yana saurayi.

Ta same shi a rumfarsa, ido ya tafi, amma harshe na nan da kaifinsa. Da ta faɗi ko ita jikar wace ce, sai ya tofar da yawu gefe.

"Mai jakunan nan? Allah ya jiƙansa, amma ban yafe masa tafiyar da ya sa ni ba."

"Baba, mai jakuna kuma? An ce mana maharbi ne. An ce da baka ya ci ku."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sake faɗi in ji. Ke, 'yar nan, kun karkatar da kalmar. Ba bakan harbi ba, wannan bakan!" Ya ɗora yatsa a leɓensa. "Da wane hannun zai ja tsirkiya?"

Ta-Kaka ta zauna a kan buhun gishiri ba tare da an ce ta zauna ba. Tsakanin kalmomin biyu babu komai sai hawa da saukar murya, kuma Kaka ya tsufa ba haƙori. Yara sun ji abin da suke so su ji, manya kuma ba su ga dalilin gyarawa ba.

Tsohon ya ba ta labarin. Kakanta ɗan wani mai koran jakunan ayari ne, ba wanda ya san garinsu, wataƙila shi ma bai sani ba. Ya yi wa rundunar sarkin wancan zamani dakon guzuri, aka bar shi a mashigi da 'yan mutane kaɗan yana gadin hatsi. Sai rundunar ƙetare ta iso da shugabanni biyu, babba da ƙaninsa, waɗanda kowa ya san ba sa ga maciji da juna. Mai jakuna ya buɗe ƙofar shinge da rana tsaka, ya fito da tulun ruwa, ya wuce babban ko kallonsa bai yi ba, ya durƙusa gaban ƙaramin ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi ka yi saurin zuwa. Ai mun yi da kai sai bayan girbi. Amma saƙonka ya isa wurin sarkinmu, ya ce ya amince." Ƙaramin ya yi ta rantsuwa bai taɓa ganinsa ba. Babban ya sa aka ɗaure ƙanin nasa. Mutanen ƙaramin suka zare takubba. Suna ta wannan har ruwan kogi ya fara hawa, dole suka juya tun hanya ba ta rufe ba.

"Ko kibiya ɗaya ba mu harba ba," in ji tsohon. "Na dawo gida da ƙafa a kumbure, uwata ta tambaye ni ganima, na ce mata magana muka sha."

Da ta koma gida ta faɗa wa Dogo, sai ya miƙe tsaye.

"Mai jakuna? Maƙaryaci? Yaya, so kike a yi mana dariya a fada? Maganar abokin gaba za ki ɗauka ki bar ta Baffa?"

"Baffa bai san sunan garin da ya ce nasu ne ba."

"To ni da bakana zan tafi. Ke ki zo ki zauna a baya, kada ki ce uffan."

Ranar da aka kira su, fada ta cika. Dogo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye bakan, ya fara. Kafin ya dasa aya mutum ɗari sun zama ɗari uku. Madawaki ya bar shi ya gama, sannan ya sa aka kira shugaban maharba, wanda ya jera sunayen duk waɗanda suka ja tsirkiya a yaƙe-yaƙen iyaka tun zamanin kakan sarki. Babu sunan kakan Dogo a ciki. Dogo ya waiwayo yana neman yayarsa da ido.

Ta-Kaka ta ja jiki gaba ta nemi izini. Waziri ya dubi sarki, sarki ya ɗaga yatsa. Ta faɗi abin da ta samo, daki-daki, ba ƙari: jakuna, hatsi, hannu naɗaɗɗe, tulun ruwa, da kalmar da aka karkatar. Fadawa suka yi ta dariya cikin hannun riga.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji Madawaki, "saƙo ya ce hidimar yaƙi. Surutu ba yaƙi ba ne. In haka ne, kowace mai talla a kasuwa jaruma ce."

Ta ga kawuna suna gyaɗawa. Ta yi makonni tana tace gaskiya daga tatsuniya, ta kawo ta tsaf, ga shi ko kallo ba ta samu ba. Ta tuna rumbuna, da rijiyar da Kaka ya haƙa, da yaran da za a kora su bi duniya. Sai ta juya, ba wajen sarki ba, wajen Madawaki, ta sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Mu talakawa ba mu san darajar wurin ba sai da mutanenka suka fara zuwa. Wuri ne mai sirri. Mutum ya gana da na ƙetare da safe, ya dawo da yamma, fada ba ta ji ba. Shi ya sa baƙin da ke tambayarka suka fi son nan."

"Waɗanne baƙi?" in ji Madawaki, muryarsa ta tashi. "Ban san kowa a ƙetare ba! Na rantse..."

"To na yi kuskure, ranka ya daɗe. Mace ce ni, ban san abin da ake ɓoyewa ba."

Dariya ta ɗauke. Sarki, wanda ya san sarai yadda aka yi aka kori baffansa, kuma ya san wa ya buɗe ƙofa a ranar, ya daɗe yana kallon Madawaki. Sannan ya yi magana da kansa.

"Bakan hannu ko na fuska, ba shi ne damuwata ba. Mashigi ya zauna a hannun waɗanda ba su da dawaki."

Abin da aka riƙe ke nan na hukuncin. Tunga ta tsira. Kafin damina ta zagayo an tuɓe Madawaki an tura shi wani gari nesa da kogi, kuma har ya mutu ba a sami shaidar ya taɓa magana da kowa a ƙetare ba. An ce Ta-Kaka ba ta yarda a yi zancen ranar a gabanta ba. A hanyar komawa Dogo ya ce mata, "Kin gani, Yaya? Sarki da kansa ya ce bakan hannu." Ta dube shi, ta ƙara sauri.

Masu neman asalin gidajen iyaka sukan ɗauka cewa in an kai gaskiya gaban mai mulki, ita za ta yanke hukunci. A wannan karon an kai ta, an saurare ta, an yi dariya. Sarkin bai tambayi wanda ya tsare masa mashigi a da ba. Abin da ya tambayi kansa shi ne wa zai iya sayar da shi gobe, kuma a kan wannan tsoron ne mutanen tunga suka ci gaba da noma gonakinsu.