Makullin Gidan Mai Ɗinki

Ranar Alhamis da hantsi Mai Ɗinki ta dawo daga wajen 'yarta da ta haihu. Ta tarar da ƙofarta a kulle yadda ta bar ta, makulli yana nan ƙarƙashin bulo na uku a gindin tankin ruwa. Da ta shiga ɗakin aiki, teburi kawai ta gani da shatin ƙafafu huɗu a kan ƙura. Sabon keken ɗinkinta na lantarki, wanda ko ledar jikinsa ba ta gama ɓarewa ba, babu shi.

Kafin azahar duk layin ya san wadda ta yi. Nas ce, sabuwar 'yar hayar gidan kwana, na kusurwar layin. Wai ita ta karanta inda makulli yake, ta turo ƙanenta ya ɗauke keken, ita kuma ta fake da tafiyar aiki.

Matan layin suna da zaure a waya, mutum arba'in da ɗaya. Al'adarsu ce duk mai tafiya ta rubuta a ciki, ta faɗi ranar dawowa da inda ta ajiye makulli, don maƙwabta su riƙa leƙa gidan. Mai Ɗinki ta rubuta nata ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Nas kuwa watanta ɗaya da shiga, kuma mace ɗaya ce ta tsaya mata, alhali doka ta ce biyu.

Dokokin nan Gwaggo Malama ce ta tsara su shekara biyar da suka wuce. Ta yi shekara talatin da biyar tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya, kuma har yanzu in aka ce mata "kowa ya sani", sai ta tambaya wane ne kowa. Tana zaune a barandarta tana ba tsirranta ruwa Adimin ta shigo, matar da ke riƙe da zauren, waya a hannu.

"Gwaggo, yanzun nan zan cire ta. Mata sun tasa ni gaba."

"Zauna ki karanta mini doka ta biyar."

"Haba Gwaggo, wannan ai ba..."

"Idona ne ya yi rauni, kunnena garau yake. Karanta."

Adimin ta karanta tana zumɓure baki: ba a korar kowa sai an ba ta kwana uku, an kuma ji ta bakinta.

"To, Lahadi ke nan," in ji Gwaggo. "In kin cire ta yau, ba daga waya kaɗai kika cire ta ba. Suna kika raɗa mata, kuma da shi za a kira ta a layin nan har ta tashi. Ina injin wutar Matar Direba da ya ɓata?"

"Wannan ai ya daɗe."

"Wata uku. Ita ma ta rubuta inda ta ajiye makulli. Nas tana ina a lokacin?"

Adimin ta kife wayar a cinyarta.

Da yamma Gwaggo ta ɗauki sandarta ta je gidan kwana. Ta sami Nas zaune a bakin gado da farin takalmin aiki a ƙafa, kwalaye biyu na kayanta ko buɗe su ba ta yi ba tun tarewa.

"Ina kika je ranar Litinin, 'yar nan?"

"Rigakafi aka tura mu ƙauye, Gwaggo. Da asuba motar asibiti ta ɗauke mu, sai yau ƙarfe biyu muka dawo."

"Akwai sabis a can?"

"Sai an hau dutse. Ni kuma ban hau ba."

"Ƙanenki fa?"

"Yana zuwa ya kawo mini saƙon mahaifiyarmu. Wallahi akwatina ma da ƙyar ya shigo da shi, sai da ya huta sau biyu."

"Rago ma yana sata," in ji Gwaggo. "Kada ki yi kuka, ban ce shi ba ne. Cire takalmin nan ki ci abinci."

Washegari ta je wajen Mai Ɗinki, ta sa tabarau, ta ce a ba ta wayar.

"Nemo saƙonki na Litinin. Danna shi ki riƙe. Yawwa. Taɓa can sama."

Jerin sunaye ya fito, kowane da lokacin da saƙon ya isa da lokacin da aka buɗe shi. Mai Ɗinki ta riƙe baki. Shekara biyar tana rubutu a zauren, ba ta taɓa sanin akwai wannan ba.

Gwaggo ta sauka can ƙasa. Sunan Nas ne na ƙarshe. Saƙon bai ma shiga wayarta ba sai Alhamis ƙarfe biyu saura kwata, bayan Mai Ɗinki ta riga ta gama salati a tsakar gida.

"To wa ke nan?" in ji Mai Ɗinki. "Mata arba'in fa, kowace mijinta yana leƙa mata waya."

"Wannan ita ce gaskiyar farko da na ji a layin nan tun jiya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ta koma sama tana kiran sunaye. A na huɗu ta tsaya. Ta goge tabarau da gefen mayafi, ta sake dubawa. Mai Kitso ta buɗe saƙon ranar Litinin, minti shida bayan an tura shi.

Mai Kitso ta rasu wata takwas da suka wuce.

"Innalillahi!" Mai Ɗinki ta ja baya da kujera. "Gwaggo, fatalwa?"

"Fatalwa ba ta sayen data. Kira mini Adimin."

Marigayiyar yayar Adimin ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da Adimin ta ga sunan, sai ta zauna a ƙasa.

"Doka ta farko ta ce wadda ke zaune a layin kaɗai," in ji Gwaggo a hankali. "Me ya sa ba ki cire lambar ba?"

"Sau uku ina ɗora yatsa a kai, Gwaggo. Waya sai ta tambaye ni wai na tabbata ina so in cire Yaya. Ya zan ce mata e?"

"Ni ma kullum ina ganin hotonta a jerin, ban taɓa cewa uffan ba. Ba ke kaɗai ba ce. Wayar tana hannun wa?"

"Mijinta."

Mijin, Kafinta, yana goge wani katako a rumfarsa suka iso. Ya kakkaɓe musu benci, ya gaishe da Gwaggo har ƙasa.

"Malam, ina wayar uwar yara?"

"Tana wajen gyara." Ya zaro ƙaramar wayarsa mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. "Ni wannan kaɗai na iya. Waccan gilashinta ya fashe, kuma akwai muryarta a ciki, yara suna son ji. Na kai wa mai gyaran waya na bakin titi wata huɗu ke nan."

"Ya ce me?"

"Kullum gilashi yana hanya. Makon jiya kuma ya ce ta mutu gaba ɗaya, ba ta ko kawo wuta."

"Ka ba shi lambar buɗe ta?"

"Shi ya tambaya. Wai sai da ita zai gwada aikinsa."

"Ranar Litinin da ƙarfe tara kana ina?"

Ya yi dariya. "A gidanku, Gwaggo. Ni nake gyara muku ƙyauren kicin, kuna ce mini ya karkace."

"Har yanzu a karkace yake," in ji ta. "Amma ka fita daga zargi."

Ranar Asabar da safe ta je ofishin 'yan sanda ta nemi Sajan, tsohon ɗalibinta. Ya miƙe tsaye da ganinta, kamar har yanzu tana iya tambayarsa aikin gida. Ta zayyana masa komai: ƙofa ba a fasa ba, don haka ɓarawo ya san wurin makulli. Wurin makulli a zaure kaɗai aka faɗe shi. Wadda ake zargi ba ta sami saƙon ba. Wadda ta rasu ta samu. Waya ta shiga shago wata huɗu, injin wuta ya ɓata wata uku.

"Malama, wannan zato ne mai ƙarfi, amma ba shaida ba ce."

"Madalla, ashe wani abu ya shiga kanka. Zato ana gwada shi. Ɗauki hularka."

Shagon ɗan ƙarami ne, teburin gilashi cike da matattun wayoyi, cajoji na rataye kamar igiyar shanya, labule ya raba shi da ɗakin baya. Mai gyaran ya tare su da fara'a.

"Mama, sannu da zuwa. Taku ce ta sami matsala?"

"Ta Kafinta muka zo karɓa. Ko a mace take, yara suna so."

"Kai, wannan ai na tura ta wajen maigidana a babbar kasuwa. Ba ta kawo wuta ko kaɗan."

"Tun yaushe?" in ji Sajan.

"Mako biyu. Ko uku."

"Kafinta ka ce wa makon jiya ta mutu."

"To, makon jiyan ke nan, Yallaɓai."

Gwaggo ta juya ta ɗaga wa Adimin kai, wadda ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa. Adimin ta nemo sunan yayarta, ta runtse ido, ta danna kira.

Durowar da ke ƙarƙashin teburin ta fara ruri.

Sajan ne ya zagaya ya jawo ta. Wayar tana jone da caja, sabon gilashi fes a fuskarta, zauren matan layi a buɗe.

"Gwada ta nake yi, Yallaɓai."

"Wata huɗu kana gwaji?" in ji Gwaggo. "Ko ni da na yi aikin ɗakin gwaji ban taɓa daɗewa haka ba. Sajan, ɗaga labulen nan."

Keken yana bayan labule cikin buhu, ledarsa rabi a ɓare. Injin wutar kuwa, mai gyaran ya faɗi wanda ya kai wa tun kafin a gama sa masa ankwa.

Da la'asar aka taru a barandar Gwaggo. Sajan ya yarda aka kwashe muryoyin marigayiya aka tura wa babbar 'yarta kafin ya tafi da wayar. Kafinta ya saurari guda ɗaya, inda take faɗa a kan wanda ya bar famfo a buɗe, ya yi dariya har ya share ido. Mai Ɗinki ta auna kafaɗar Nas da awo ba tare da ta tambaye ta ba, ta ce farar rigar aikin nan ta yi mata yawa, ta kawo gobe. Adimin ta ɗora yatsa a kan lambar yayarta. Da wayar ta yi tambayarta, ta ce, "Allah ya jiƙanki, Yaya," ta danna.

Sannan Gwaggo ta gyara tabarau, ta rubuta a zaure da yatsa ɗaya:

"Mai gyaran waya na bakin titi ne ya ɗauki keken Mai Ɗinki da injin Matar Direba. Da wayar marigayiya Mai Kitso yake karanta saƙonninmu, don ba mu cire lambarta ba. Nas ba ta ga saƙon makulli ba sai bayan an yi satar."