Kwalejin Saman Shagon Katifa

Ranar Lahadin da cocinsu na Flatbush ke godiya domin ɗaliban da suka gama karatu, Nankling ta zauna tsakanin iyayenta. Fasto na kiran suna da makaranta, jama'a na tafi gwargwadon girman makarantar. Da aka zo kan saurayinta Nataniyel, sai fasto ya yi tuntuɓe a sunan kwalejin, wata 'yar ƙarama a Bronx, a saman shagon katifa. Tafi ya zo tsilli-tsilli. Nankling ta sunkuyar da kai tana gyaran jaka, ba ta tafa ba. Nataniyel kuwa ya gani.

A gida mahaifinta Baba Dokas, wanda ya tsufa a tuƙin bas don 'ya'yansa su shiga makarantu masu suna, ya yanke magana: kada dangin yaron su tako ƙofarsa neman aure sai ya sami aikin akanta da ya karanta.

"Digirin katifa!" in ji shi. "Shi ya sa ko'ina ya kai takardarsa sai ta yi barci."

Abin takaici, Baba bai yi ƙarya ba. Kamfanoni na ganin sunan makarantar, ko intabiyu ba sa kiran Nataniyel. Ya koma ɗaukar kwali a Canal Street, ya kuma daina kiran Nankling a waya.

Kunya ta hana ta sakat har ta bi shi can. Ta tsaya cikin masu cinikin jakunkuna, ta kasa haɗa ido da shi, ta ce ta san abin da ta yi.

"Na kamfanoni bai dame ni ba," ya ce a hankali. "Su ba su san ni ba. Ke kin san ni."

A nan bakin titi ta yi kukanta, ya yafe mata. Daga baya Baba ya kawo zancen ɗan abokinsa likita, ta durƙusa ta ce a yi haƙuri, za ta jira Nataniyel.

An fi shekara kafin wani ƙaramin kamfanin kula da tsofaffi ya ɗauke shi gwaji, sannan ya tabbatar da shi. Mama ce ta kai wa Baba labarin, ta ƙara da cewa sunan makaranta riga ce, mutum ake aure, kuma wanda ya iya haƙuri da wulaƙanci zai iya riƙon 'yar mutane.

Baba ya daɗe yana kallon talabijin.

"A gaya wa kawunsa ya zo Asabar," ya ce. "Ya zo da wuri, wurin ajiye mota wuya yake a layin nan."